Bayan Malam a Bangon Hajiya

Ishaƙ yana tsaye a kan benci, ƙusa biyu a bakinsa, guduma a hannu, yana neman inda zai rataye hoton wani bijimi a karo na uku, sai Baffa Ilu baduku ya leƙo daga shagonsa da ke jikin nasa ya ce wata bas ta sake tsayawa a bakin layi.

"Ta ina ce?" Ishaƙ ya tambaya ta tsakanin ƙusoshin.

"Gagarawa. Mata zalla, har da ankonsu. Sauko ka gyara hularka, ta karkace."

Ya diro da sauri har ƙusa ɗaya ta faɗa cikin gwangwanin shuɗin fenti, bai ko tsaya ciro ta ba. Tun jiya haka yake. Ƙafarsa ta ƙi zama wuri ɗaya, dariya kuma tana taso masa ko ba a faɗi abin dariya ba.

Asabar ce, rana ta biyu cikin ukun da Hajiya Ni'imatu ta ware ta buɗe gidanta ga duk mai son shiga. Hajiya tsohuwar shugabar makaranta ce, marigayi mijinta kuma yana da manyan motoci masu zirga-zirga tsakanin Maigatari da Damagaram. Shekara talatin ta yi tana tara abin da mutane ke yarwa: ƙoren da aka zana da wuƙa mai zafi, faya-fayai, akusa, jakunkunan fata, allunan zayyana, har da ƙyaurayen bayan mota masu hoton zaki da ɗawisu, waɗanda takan sa a ɓalle mata kafin a kai motar wurin masu gwangwan. Mutanen Gumel sun daɗe suna cewa boko ne ya yi mata yawa. Bana 'yarta Khairiyya ta zo hutu daga Kano, ta sa aka shafe ɗakuna huɗu da farin fenti, aka jera kayan, ta rubuta sanarwa ta watsa a waya. Ta kuma ce shaguna ukun da ke jikin katangar gidan, na Ishaƙ mai zane, da na Baffa Ilu, da na Rabi mai zanen ƙwarya, su ma su buɗe ƙofa kowa ya shiga ya ga yadda ake aikin.

Baffa Ilu ya rantse ba za a samu mutum goma ba. Jiya bayan an sauko daga Juma'a sai da aka aro kujeru daga gida uku. Yau shi da kansa ya zo cikin babbar riga mai aska takwas, wadda ta hana shi ko zare allura, sai dai ya zauna kan tabarma yana ba da tarihin kakanninsa.

Matan Gagarawa suka cika shagon Ishaƙ har hasken ƙofa ya toshe. Suka tsaya gaban babban hoton kasuwar shanu ta Maigatari suna nune-nune. Wata dattijuwa ta matsa kusa, ta kai hancinta dab da katakon, ta ce mai furar nan da ke gefe tabbas ta san ta, sai dai a nan ta fi ƙiba. Wata ta ce ya riƙe burushi ya yi kamar yana aiki za ta ɗauke shi a waya. Ya riƙe, ya ɗaure fuska irin ta mai tunani, sai dariya ta ƙwace masa, matan suka taya shi. Sau huɗu ana sakewa.

Suna fita zuwa shagon Rabi, inda hayaƙin wuƙarta ke tashi, sai ga wani dillalin shanu ya shigo da sandarsa a kafaɗa. Ya tsaya gaban bijimin da har yanzu ke jingine a ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan na Alhaji Nura ne, wanda aka kai Legas bara."

"Shi ne," in ji Ishaƙ, ƙirjinsa ya cika.

"Amma ƙahon dama ya fi haka lanƙwasa. Ni na sayar da shi, na sani."

"Ta gefe na kalle shi, ranka ya daɗe."

"To, ta gefe kam haka yake." Dillalin ya gyaɗa kai, ya fita yana kiran abokansa su zo su ga sa ya dawo daga Legas.

Wajen hantsi ɗaliban kwaleji suka iso, su kusan ashirin, da littattafai a hannu. Wata mai tabarau, ta ce sunanta Sumayya, ta zagaya shagon sau biyu sannan ta tambaye shi me ya sa babu sunansa a jikin ko ɗaya. Ta ce ko'ina a duniya mai zane yana sa sunansa a kusurwar aikinsa, in ba haka ba gobe wani sai ya ce nasa ne. Ishaƙ bai taɓa tunanin haka ba. Shekara goma sha biyar yana zana bayan motoci da allunan shaguna, lambar waya kawai yake sawa. Ya ɗauki siririn burushi ya tsoma cikin baƙi, ya rubuta a ƙasan bijimin: Ishaƙ Ɗalha Ɗanzomo, da boko, sannan da ajami a ƙarƙashi. Ɗaliban suka tafa. Daɗin tafin ya kwashe shi, ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana sa suna, raƙuma da shanu da masu fura da 'yan acaɓa, ko wanne sunan yana fin na baya girma. Da ya gama na shago bai ƙoshi ba, ya ruga cikin gidan Hajiya da burushin a hannu, ya roƙi Khairiyya ta bar shi ya sa wa guda ɗayan da ke can.

Wannan ɗin yana ɗaki na ƙarshe, shi kaɗai a bango, yana fuskantar allunan zayyana uku da ke cikin gilashi. Hoton wani tsoho ne ta baya, zaune kan buzu a gindin darbejiya, ya sunkuya kan allo, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, 'yan kwalaben tawada a jere gefensa. Ishaƙ ya tsuguna ya sa sunansa a kusurwa. Yana miƙewa ya ga Hajiya Ni'imatu a bakin ƙofa, tana dogara sandarta, tana murmushi.

"Madalla. Gara da ka sa, don yau mai shi zai gani."

"Wane mai shi, Hajiya?"

"Malam Ɗalha mana. Na tura mota Ɗanzomo tun ɗazu. Allunansa uku ne a nan, bai kamata a ce kowa ya gani ban da wanda ya yi su ba. Ya ce in ya yi azahar zai taho."

Burushin ya suɓuce daga hannun Ishaƙ, ya bar baƙin ɗigo a kan sabon siminti.

Malam Ɗalha mahaifinsa ne. Yana da makarantar allo a Ɗanzomo, kuma daga Sule Tankarkar har ƙetaren iyaka, wanda duk ɗansa ya sauke Alƙur'ani yana son a ce Malam Ɗalha ne ya yi masa zayyana. A wurinsa Ishaƙ ya koyi riƙe alƙalami da haɗa launi. Yana da shekara sha tara ya zana ragon maƙwabcinsu a bayan wani allo, da ido da ƙaho da komai. Malam ya gani, ya ɗauki allon ya wanke da hannunsa, ya yi mako guda bai yi masa magana ba. Bayan damina Ishaƙ ya tafi Maigatari neman sana'a. Abin da aka sani a gida har yau shi ne yana rubuta sunayen shaguna.

"Hajiya, ki taimaka a sauke wannan. Yau kaɗai. Gobe da safe ni zan mayar da hannuna."

"A'a."

"Ko a rufa masa zane."

"Isiyaku, mutum ɗari uku sun gan shi tun jiya. Rabinsu sun ɗauka a waya. Kana so ya fara gani a wayar wani?"

"Ba ki san Malam ba ne."

"Na san shi tun kana goyo. Shi ya sa na aika." Ta juya tana dariya ƙasa-ƙasa. "Je ka sha zoɓo, ka yi fari kamar bangon nan."

Bai sha zoɓo ba. Ya fita da gudu, ya kusa ture wani dogon mutum mai rawani da ke tsaye a tsakar gida yana rungume da wani ƙyauren mota, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa na kamiyonsa ne, babbar motarsa ta fari, shekara tara yana tuƙa ta daga Damagaram, zakin nan ya sha ƙurar hanya tare da shi. Ishaƙ ya ba shi haƙuri bai tsaya ba. Ya faɗa shagonsa ya ja ƙofa.

Dabarar da ta zo masa ita ce ya juya hotunan su fuskanci bango. Ya kama bijimin ya juya, sai ga raƙumi yana kallonsa. Ya manta katako yana masa wuya, gaba da baya yake zanawa. Ya juya kasuwar shanu, sai ga amarya da ƙawayenta a bayan a-kori-kura. Ya juya mai fura, sai ga jimina. Ya tsaya a tsakiyar shagon, dabbobi sun kewaye shi ta ko'ina, ya rasa kuka zai yi ko dariya, dariyar ta rigaya. Ya zauna kan benci yana ƙyaƙyatawa har da riƙe ciki.

Baffa Ilu ya turo ƙofar, Rabi na bayansa da ƙwarya a hannu. Da suka ji abin da ake ciki, Baffa ya shafa gemu ya ce abu mai sauƙi ne.

"Ka ce nawa ne. Ni ba ubana ba ne, sai dai ya yi mini wa'azi in ce na gode."

"Baffa, duba kusurwa."

Baffa Ilu ya sunkuya ya duba, ya koma ga na gaba, ya koma ga na gabansa. "Har da ajami," ya ce a hankali. "Don kada ya sha wahalar karantawa."

Rabi ta ajiye ƙwaryar don kada ta faɗi daga hannunta saboda dariya. Da ta samu numfashi ta ce ita shawararta ya bar komai yadda yake, ya je ya yi alwala. Ta ce kuma ya buɗe ƙofar nan, mutane sun yi layi a waje suna zaton wani abu na musamman ake shiryawa a ciki.

Ya buɗe. Mutane suka shigo suka tarar da hotunan da ba a gani jiya ba, labari ya bazu cewa mai zane ya fito da sababbi, shagon ya ƙara cika. Ishaƙ yana amsa tambayoyi, yana dariya, yana leƙen bakin layi. Ya yi azahar a masallacin unguwa, bai san surar da ya karanta ba.

Ƙarfe uku saura motar Hajiya ta tsaya. Malam Ɗalha ya fito a hankali, cikin farar riga da ta sha wanki, da sandarsa da tabarau mai kauri. Ishaƙ ya durƙusa a gabansa kan ƙasa.

"Barka da zuwa, Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Isiyaku. Ashe nan kake."

"Nan nake, Malam."

Hajiya ta tarye shi a zaure, suka daɗe suna gaisawa, ana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. A bakin ɗakin farko Malam ya tuɓe takalmansa kamar mai shiga masallaci, ko da yake kowa da nasa yake shiga. Ishaƙ ya sunkuya ya ɗauke su, ya rungume a ƙirji, ya bi bayansa.

Malam ya bi ta gaban ƙore da faya-fayai yana gyaɗa kai. Ya tsaya kan wani akushi ya ce irinsa ne na kakarsa. A tsakar gida dogon direban nan ya tare shi da fara'a, ya ce sunansa Abdulfatah, ya nuna masa ƙyauren motarsa.

"Zaki ne wannan ko kyanwa?" Malam ya tambaya.

"Zaki ne, Malam. Yunwar hanya ce ta rame da shi."

Gefen bakin Malam ya motsa. Ishaƙ ya gani, zuciyarsa ta yi tsalle, sannan ta tuna ɗaki na ƙarshe ta koma ta kwanta.

Da suka shiga ɗakin, allunan zayyana ne a gaba, hoton yana bangon da ke bayan mai shigowa. Malam ya nufi gilashin kai tsaye. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Na Abdulganiyu ne wannan, ɗan Sule Tankarkar. Shekarar da aka yi fara." Ya matsa. "Ja ya yi yawa a nan. Ƙuruciya ce." Ya sake matsawa. "Wannan kuwa ban san yana duniya ba."

Ɗaliban kwaleji da ba su riga sun tafi ba suka ji an ce mai allunan ne da kansa, suka zagaye shi. Sumayya ta durƙusa ta tambaye shi da me yake yin jan. Ya ce karan dafi. Baƙin fa? Ya ce gawayin aduwa da ƙaro, amma sai an san lokacin sauke shi daga wuta. Wani ya tambayi yadda yake fitar da da'ira babu abin awo, sai Malam ya miƙa wa Hajiya sandarsa, ya ɗaga hannu yana zagaya babban yatsa a iska yana nuna musu. Muryarsa ta ɗaga. Ya ba su labarin wani allo da akuya ta lashe ana gobe walima, ya kwana biyu yana sakewa, uban yaron yana zaune a ƙofa kamar mai jiran haihuwa. Ɗakin ya ɗauki dariya, shi ma ya yi. Ishaƙ ya manta rabon da ya ga haƙoran mahaifinsa. Ya tsaya rungume da takalma yana dariya tare da kowa, gumi na bin bayansa.

Malam ya karɓi sandarsa ya juyo zai fita, sai ya tsaya.

Dariyar ta mutu a hankali, daga na kusa zuwa na nesa. Mutane suka dubi tsohon da ke bango, suka dubi wanda ke tsaye. Yanzu da ya ba su baya, kafaɗar hagun nan ta sauka daidai yadda ta sauka a katakon. Abdulfatah direba, da ya biyo su har nan, ya buɗe baki, Hajiya ta harare shi ya rufe.

Malam Ɗalha ya taka zuwa gaban hoton. Ya dubi darbejiyar, ya dubi buzun, ya dubi kwalaben tawada yana motsa leɓe kamar mai ƙirga su. Sannan ya dafa sanda ya sunkuya kan kusurwa, inda fentin bai gama bushewa ba. Ya daɗe a sunkuye.

"Isiyaku."

"Na'am, Malam."

"Wutsiyar harafin ƙarshen nan ta yi gajarta. Ba haka na koya maka ba."

"Sauri na yi, Malam."

"Sunan mutum ba a yi masa sauri." Ya miƙe, ya sake duban hoton daga sama har ƙasa. "Ba ka sa fuska ba."

"Ban sa ba."

"Uhm," in ji Malam. Ya juya ga Hajiya ya ce an ce akwai shaguna a waje, yana so ya gani.

A bakin zaure Ishaƙ ya ajiye masa takalma ya sa. Suka fara da Rabi, Malam ya yaba hannunta, ya ce layinta ba ya rawa. Suka shiga wurin Baffa Ilu, wanda ya tattare babbar rigarsa ya fara tarihin kakanni daga farko, Malam ya saurara har zuwa kaka na uku sannan ya yi masa addu'a. Saura ƙofa ɗaya. Mutanen da ke ciki suka dare suka ba shi hanya.

Ya tsaya a tsakiyar shagon. Raƙumi na kallonsa, jimina na kallonsa, amarya da ƙawayenta suna yi masa murmushi daga bayan a-kori-kura. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya kai hannu ya ɗan karkato wani katako, ya ga akwai wani hoton a baya, ya mayar. Sannan ya zauna kan benci, ya ce a ba shi ruwa. Ishaƙ ya kawo a kofi.

"Shekara nawa kana wannan?"

"Goma sha biyar, Malam."

"Duk kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Malam ya sha ruwan ya miƙa kofin. Ya nuna amaryar da bakin sanda, ya nuna ƙawayenta.

"Ina da magana a kan masu fuskar nan, kuma ka san ta. Ban sauya ba. Amma yau ranar mutane ce, ba zan yi ta a gaban baƙinka ba."

"To, Malam."

"Shuɗin nan da me kake haɗa shi?"

Ishaƙ ya ɗauka bai ji daidai ba. Da ya ga ana jiran amsa, sai ya jawo gwangwanaye ya fara bayani, da fari a hankali, sannan bakinsa ya ɓalle. Ya nuna yadda yake karya shuɗi da ɗigon ja don ya yi sanyi, yadda yake samo launin ƙasar Maigatari da rana tsaka, yadda farin bijimi ba fari ba ne in an lura, akwai rawaya a ciki da toka-toka. Malam yana ji, yana cewa uhm, sau ɗaya ya ce a'a, wannan da ka rage. Sai da ladan ya kira la'asar Ishaƙ ya lura ya yi kusan rabin sa'a yana magana, kuma mutane sun cika ƙofa suna sauraro.

Bayan salla Malam ya ce zai koma, ɗalibai na jiransa. Hajiya ta rako shi har bakin zaure, ta ce gobe ma a buɗe gidan yake. Ya ce ya gode, sau ɗaya ya isa tsoho. Ishaƙ ya buɗe masa ƙofar mota, ya tattara masa bakin riga ya sa ciki. Direba ya tada mota. Malam ya ɗaga hannu ya ce ya dakata.

Bai dubi Ishaƙ ba, gilashin gaba yake kallo.

"Innarku, in tana tankaɗe a ƙofar madafa, ba ta zama daidai. Ƙafa ɗaya take miƙewa."

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Inna, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, don Malam bai yarda da shi a gidansa ba. Tun ranar sadakar bakwai Ishaƙ bai ji ya ambace ta ba.

"Ta hagu," in ji Ishaƙ.

"Ta hagu." Malam ya gyaɗa kai. "Ɗankwalin kuma kullum ya zame baya, sai ta tura shi da bayan hannu, don garin da ke tafinta."

"Haka ne, Malam."

"Zanenta mai ruwan ƙasa yana cikin adaka, ban bari an raba da shi ba. In ka zo gida ka fito da shi ka duba launinsa da rana. A ɗaki ba ya nuna gaskiyarsa." Ya taɓa kafaɗar direba. "Mu tafi."

Motar ta bi layi a hankali saboda jama'a, ta karya kwana. Ishaƙ yana tsaye inda aka bar shi. A bayansa wata bas ta tsaya, mutane suna sauka suna tambayar ina ne gidan hotuna, Khairiyya tana nuna musu hanya. Baffa Ilu ya taho yana jan babbar rigarsa, ya tsaya kusa da shi.

"Me ya ce?"

"Ya ce in zo gida."

"Faɗa zai yi maka?"

Ishaƙ ya dubi kwanar da motar ta bi. Yatsansa yana jan wani layi a jikin rigarsa, daga wuya ya gangaro kafaɗa, ya lanƙwasa, ya miƙe zuwa hagu kamar ƙafar Inna.

"Zai yi," ya ce. "Amma ina jin sai na gama masa aikinsa tukuna."